Katin Mbithe Bai Yi Fashi Ba

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin mishan ta kan tudun Nandi, da ka ambaci Mama Zipora ta gidan wanki sai ka ga ya gyara zama, ko da yanzu ya zama babban mutum mai tumbi da mota. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, in kuma ta kafe ka da ido sai ka fara tuno laifin da ka yi tun kana firamare. Ɗalibai sun sa mata suna Mai Duba Fuska, a bayan idonta dai, don a gabanta babu mai wannan ƙarfin halin. Sun ce muguwa ce. Ba gaskiya ba ne, amma ban ga laifinsu ba, ba su san ta lokacin da take dariya ba. Matar nan magana ɗaya ta haɗiye, ta tsaya mata a wuya shekara ashirin da biyu. Maganar kuwa ba tata ba ce, haƙƙin wani tsoho ce, kuma duk shekara sai tsohon ya zo ya zauna a gabanta ya sha shayi, ya yi mata godiya ya tafi.

A kwalejin nan ɗan talaka da guminsa yake karatu. Wanda iyayensa ba su da kuɗin makaranta sai a ba shi gurbin aiki, wani a garken shanu, wani a gidan burodi, wani a laburare, wata a kicin ko gidan wanki. Kowa da katinsa. Ka zo aiki ka sa hannu, ka tashi ka sa hannu, ƙarshen wata a kai katin ofis a rage maka wani abu daga kuɗin zango. Ko shilin ɗaya ba ya shiga aljihunka, amma ranar jarrabawa ba mai tare ka a ƙofa. Babban rabo shi ne aikin dogon hutu, daga Nuwamba zuwa farkon Janairu. Wanda ya samu, ga gado kyauta, ga ugali, wato tuwon masara, da ganye rana da yamma, aikin wata biyun nan kuma ya kusa ɗauke masa zango guda. Sharaɗin ɗaya ne, ba a fita harabar makaranta a kwana. Ka yi fashin kwana uku an ba wani gurbinka, don masu jira sun fi masu aiki yawa.

A cikin wannan tsari Zipora Jeptanui ta buɗe ido. Mahaifinta mai tatsar shanun kwalejin ne. Tun tana yarinya take ganin samari da takalmin roba suna kwashe kashin shanu da sanyin safiya, hantsi na yi su ɗaura taye su nufi aji kamar ba su ba. Da ta gama sakandare ita ma ta shiga karatun koyarwa, aka ba ta gidan wanki. A shekararta ta biyu taifot ya kwantar da ita wata guda cur. Da ta tashi, ƙafa na rawa, ta je duba katinta tana tsammanin an soke shi, sai ta tarar da shi cike taf. Ashe ƙawayenta uku ne suka raba aikinta a tsakaninsu, kowacce ta gama nata ta yi na Zipora, sannan ta kwaikwayi sa hannunta. Shi ake ce wa riƙon kati. Ba ya cikin littafin doka, in ma aka kama mutum kora ce, don a wurin hukuma zamba ce tsagwaronta. Amma a wurin ɗalibai, wanda ba zai riƙe wa ɗan'uwansa kati ba, ba a cin abinci kwano ɗaya da shi. Masu kula da wuraren aikin kuwa yawancinsu tsofaffin ɗalibai ne, sai su kau da kai. Zanin gado dai ya wanku, saniya ta tatsu, ina ruwan saniya da sunan mai tatsa?

Duk da haka karatun bai ƙarasa ba. Mahaifinta ya rasu ya bar ƙanne biyar, ga gidan ma'aikata da za a karɓe in babu mai aiki a cikinsu. Ta ajiye littafi ta karɓi wankin a matsayin aikin dindindin. Ta auri direban tarakta, ta haifi Kibor da ƙannensa biyu, kafin ta kai talatin da biyar ta zama shugabar wurin. A zamanin nan ɗakin guga wurin raha ne. Ana waƙa, ana gulmar malamai, ita ce ma kan gaba. In ta ga sa hannun da ya karkace a kati, sai ta ce, "Oho, yau hannun wance ya yi ƙiba," a kwashe da dariya a wuce.

Shekarar babban ruwa aka kawo mata Mbithe. 'Yar ƙabilar Kamba ce daga can gabas, ƙasar yashi da fari, tafiyar yini da rabi a mota. Aikin jinya take karanta. Gajeruwa ce, har sai da aka samo mata bulo take takawa kafin ta kai teburin guga, amma bakinta ya fi na kowa tsawo. Wata goma sha huɗu rabonta da gida, don kuɗin zuwa da dawowa ya fi ƙarfinta. Ta manne wa wasu 'yan ajin ƙarshe biyu, Kwamboka da Awino, su ukun nan ko banɗaki tare suke zuwa.

Wata Laraba a ƙarshen Nuwamba, ana tsakiyar aikin hutu, Mbithe ta shigo ba waƙa.

"Mama, kin ji rediyo? Wai ruwa na cinye gidaje a wajenmu. Mu da ko bokiti ba ma cikawa, yau mu ruwa ke kora."

"Sai ku gode wa Allah, bana dai za ku yi wanka," in ji Awino.

"Ke rufa mana baki, 'yar masunta, ku da kuke da tafki ma ai ƙarnin kifi kuke. Mama, gidanmu na ƙasa ne, kuma a bakin rafi yake. Kwana huɗu kawai. In leƙa in ga suna raye, in juyo."

Zipora ba ta ɗago daga rigar da take gogewa ba. Ta ce, "Ni ban ji komai ba. Kunnena a toshe yake tun safe."

"Mun riƙe mata, Mama," in ji Kwamboka.

"Na ce ban ji ba. Amma wadda ban ji ɗin ba, in gan ta a kan bulonta ran Litinin. Kuma kada ta dawo mini hannu rabbana, na ji an ce babanta yana da amya."

Da za a tashi, Zipora ta cusa mata kuɗin mota a aljihun riga. Washegari Alhamis, ashirin da bakwai ga wata, Mbithe ta bi ta ɓular shingen bayan garken shanu ta fita. Ba ta aika gida cewa tana tafe ba, wasiƙa ai ba za ta riga ta isa ba.

Litinin ta zo ta wuce. Ba wanda hankalinsa ya tashi, don rediyo kullum labarin gadar da ta karye ne da hanyar da ta yanke. Suka ce tana gida tana shan zuma, hanya ta tsare ta. Awino ta riƙe safiya, Kwamboka ta riƙe yamma. Hannunsu ya yi kanta, bayansu ya ƙage, amma katin Mbithe bai yi fashin ko rabin yini ba, kuma alfahari suke da hakan.

Bayan sati biyu da 'yan kwanaki, Madam Tuwei mai kula da ɗakin kwanan mata ta tsaya a bakin ƙofar gidan wanki da takarda a hannu. Ita lokacin hutu ba ta ƙirga kawuna, kati ne ke yi mata ƙirga.

"Maman Kibor, yarinyar nan Mbithe wajenki take ko? Babanta ne ya rubuto wa shugaban makaranta, wai a duba masa ko tana nan lafiya."

Tambaya ta faɗo wa Zipora. In yarinya tana gida, me uban yake tambaya? Amma nan take ta samo wa kanta amsa, irin amsar da mutum ke samowa in yana son ta. Ta ce a ranta wasiƙa da yarinya saɓani suka yi a hanya, gidan waya ma ai ruwan ya shafe shi. Da ta miƙa hannu ta ce a ba ta takardar ta duba kwanan wata, da labarin ya canja. Ba ta miƙa ba. Abin da ta gani a gabanta shi ne in ta ce Mbithe ba ta nan, gurbin ya tafi, ɗalibai biyu kuma sun shiga uku. Ta jawo akwatin katuna ta zaro na Mbithe.

"Ga katinta, Madam. Ko rana ɗaya ba ta yi fashi ba."

"Tana ina yanzu?"

"Ta kai zannuwa asibitin makaranta."

"To madalla. Iyayen nan da fargaba, sai ka ce cinye musu 'ya'ya muke."

A ranar aka rubuta wa uban amsa cewa 'yarsa tana nan lafiya lau, tana aiki.

Suka ci gaba da riƙo har biyu ga Janairu, ranar da aka rufe aikin hutu. Sun tabbata ranar komawa za su gan ta da akwatinta tana zuba musu labari. Aka koma, babu Mbithe. Bayan sati guda makaranta ta rubuta gida tana tambayar dalilin da ba ta yi rajista ba. Amsar da ta zo ita ce uban da kansa, wani siririn mutum mai suna Muindi, masassaƙin turmi da kujera, da kwat ɗin aro wanda hannunsa ya fi nasa tsawo. Aka kira 'yan sanda. Aka zaro kati, kati ya ce biyu ga Janairu yarinyar tana nan har ƙarfe biyar na yamma.

Kafin a kira su ofis, Kwamboka da Awino suka sami Zipora a rumfar shanya suka durƙusa.

"Mama, wata biyar ya rage mana," in ji Kwamboka tana kuka. "Gonar shayinmu uwata ta jinginar. In aka kore ni, wallahi gara in bi Mbithe duk inda ta shiga."

"Kuma ko mun faɗa me zai canja?" in ji Awino. "Ƙila wani ta bi. Za ta ɓullo, Mama, kin san bakinta, ba ta iya ɓuya."

Zipora ta dube su. Irin waɗannan ne suka tsaya mata lokacin da take kwance. Ta ce su share hawaye, su bar mata maganar.

Ɗan sandan ya tambaye ta, "Mama, yaushe ne ganinki da ita na ƙarshe?"

Ta ce, "Abin da kati ya nuna ke nan, ranka ya daɗe."

Ta daɗe tana gaya wa kanta cewa wannan ba ƙarya ba ce, tunda ba ta ce ta gan ta ba. Wayon banza, wanda ko yaron goye ba zai ruɗa ba.

Aka bazama nema a inda kati ya nuna. Aka shiga madatsar ruwan kwalejin da gora, aka bi gonakin shayi layi-layi, aka shiga dajin bayan tudu da karnuka. Aka tambayi 'yan kamasho a tasha wa ya hau mota biyu ko uku ga Janairu. Wani mai gadi ma sai da ya yi sati biyu a tsare, ya fito da haƙori ɗaya a hannu. Ba wanda ya tambayi abin da ya faru a Nuwamba, me zai sa? Daga baya gari ya yanke hukuncinsa, wai wani soja ta bi. Mutane ai ba sa barin labari ba wutsiya.

Muindi bai yarda ba. Duk shekara ranar bikin yaye ɗalibai, lokacin da ƙofa ke buɗe kuma tsofaffin ɗalibai ke zuwa, sai ga shi da hoton Mbithe a cikin leda. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya, ya zaga madatsar ruwa, ya leƙa ƙauyukan kewaye. In ya gaji sai ya zo gidan wanki, ya zauna a benci kusa da ƙofa. Zuwansa na biyu ya ajiye mata kwalbar zuma a kan tebur.

"Ta sha rubuto mana labarinki, Maman Kibor. Ta ce kin zame mata uwa a ƙasar sanyi. Ba ni da abin biyanki, sai wannan."

Zipora ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta dafa masa shayi mai madara da yawa. Da ya tafi ta shiga bayan tukunyar ruwan zafi ta yi amai. Kwalba ashirin da ɗaya ya kawo mata a tsawon shekarun nan, ko ɗigo bai taɓa harshenta ba, 'yan aiki take ba wa su shafa a burodi. Yakan ce, "Da na rubuto kuka ce tana nan, ranar na yi barci." Ba ta taɓa tambayarsa abin da ya sa ya rubuto ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Tun daga shekarar ta kashe riƙon kati a gidan wanki. Ta ɗauke akwatin katuna daga bakin ƙofa ta ajiye a gabanta. Duk mai sa hannu sai ta tsaya, ta ɗago kai, Zipora ta dube ta sosai, ta kira sunanta, sannan ta miƙa biro. Ba ciwo, ba rasuwa, ba roƙo. Wadda ba ta zo ba, kafin azahar an san ba ta zo ba, har ofis. Akwai wata Nyanchama da ta je jana'izar yayanta ta ƙara kwana biyu, ta dawo ta tarar an ba wata gurbinta, karatun da ba ta ƙarasa ba ke nan. Ranar da za ta tafi ta tsaya a ƙofa da akwatinta ta ce, "Allah ya isa, Mama." Zipora ta ji zafin maganar har ƙashi, amma a ƙasan zafin akwai wani sanyi da take jin kunyarsa. Wannan dai ta san inda take.

Waƙa ta mutu a ɗakin guga. Bulon Mbithe yana nan a gindin tebur, ba mai takawa, ba mai ɗaukewa. Wata sabuwar ɗaliba ta taɓa tokare ƙofa da shi, tsawar da ta sha ranar har garken shanu an ji. Abin da ya fi damun Zipora ba mafarki ba ne, ita barcinta ma ba ya kai wa ga mafarki. Da rana tsaka abin ke zuwar mata. In an shanya zannuwan gado layi-layi, iska na kaɗa su, sai ta hango ƙafafu a ƙarƙashin na can ƙarshe, ƙanana, cikin silifas, a tsaye kan yatsu kamar mai son kai wa igiya. Ta san in ta zaga ba kowa. Takan zaga ɗin duk da haka. Wani lokaci ta ƙirga 'yan aiki ta sami tara, ta duba kati ta ga takwas, ta sake ƙirgawa. Mijinta har ya rasu bai san dalilin da ya sa ta daina shiga ƙungiyar mawaƙan coci ba. Ta ce masa murya ce ta tafi.

A farko tana da hujja, yaran nan biyu. To, yaran sun gama, sun sa rigar yaye da ita ta goge musu da hannunta. Kwamboka ta zama shugabar wata sakandare, takan zo taron tsofaffin ɗalibai amma ba ta taɓa bi ta hanyar gidan wanki ba. Awino ta yi aure can bakin tafki, labarinta ya yanke. Daga nan ba wanda Zipora ke karewa sai Zipora. Kowace shekara takan ce bana zan faɗa wa Muindi. Sai ya zo, ya cire hula, ya tambayi lafiyar Kibor da jikoki, ta ga yadda yake riƙe kofi da hannu biyu yana jin ɗuminsa, sai ta ce baɗi. Tsoro take ji, ba na hukuma ba, na idon mutumin nan in ya daina yi mata kallon uwa.

Shekarar da za ta yi ritaya, ya zo da la'asar bayan an watse daga biki. Rigunan yaye da aka dawo da su jibge suke a kan tebura, ɗakin sai warin turare da gumi. 'Yan aiki duk sun tafi cin shinkafar biki. Ya shigo yana dogara sanda, da wani abu a naɗe cikin buhu. Ta dafa shayi kamar kullum.

"Maman Kibor, bana ne na ƙarshe," in ji shi. "Ƙafa ta ƙi. Uwarta kuma ta tafi a watan Afrilu, yanzu ba wanda zan koma in ce wa ban samo ba."

"Ayya, Baban Mbithe. Allah ya ba da haƙuri. Ba mu ji ba."

"Ina za ku ji? Nisa." Ya kwance buhun. Gicciye ne na baƙin katako, ya sha gyara har yana ƙyalli. "Da hannuna na sassaƙa. Tunda ba kabari, na ce a kafa a inda aka gan ta na ƙarshe. Na roƙi shugaban makaranta, ya ce in kin yarda a kafa a bayan igiyoyin shanyarki."

Ya juyo mata da shi. Ga sunan, ga shekarar haihuwa, a ƙasa kuma ya sassaƙa biyu ga Janairu, harafi-harafi, da zurfi. Zipora ta tsaya tana kallon ranar. Ƙaryarta ce, wadda ta faɗa da baki a tsaye cikin minti ɗaya, yau ga ta a jikin katakon da zai fi su duka daɗewa. Ta zauna a ƙasa a gabansa, mace mai shekara sittin.

"Baban Mbithe, ranar nan ba daidai ba ce."

"A kati na kwafo. Ɗan sanda ya nuna mini da idona."

"Katin ƙarya ne. Ba ita ta sa hannu ba."

Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba. Rediyo, da kwana huɗun, da kuɗin motar da ta ba ta, da ɓular shinge, da 'yan matan da suka riƙe kati, da abin da ta ce wa Madam Tuwei, da abin da ta ce wa ɗan sanda. Muryarta ba ta yi rawa ba, abin har ya ba ta mamaki. Shi kuwa bai katse ta ba. Ya ajiye kofin a kan benci a hankali.

"Yaushe ta fita?"

"Ashirin da bakwai ga Nuwamba. Alhamis da safe."

"Gida ta nufa?"

"Gida."

Ya motsa leɓe yana lissafi. "Alhamis ta kwana Nairobi. Juma'a ta hau motar wajenmu." Can filin biki ana ta kiɗa. Da ya ci gaba, ba ita yake kallo ba.

"Rafinmu ba gada, ta cikin yashi mota ke bi. Ran Juma'ar nan da la'asar ruwa ya sauko daga tudu ya tafi da motar kasuwa. Mutum goma sha tara. Kwana biyar muna bin rafi muna tono. Kowa ya gane nasa ya ɗauka. Saura ɗaya, mace, 'yar ƙarama. Ruwa da duwatsu ba su bar mata fuska ba, ba su bar mata tufa ba. Ba wanda ya zo nemanta. Mai gari ya ce a rufa mata asiri. Mu huɗu muka ɗauka, ni na riƙe ƙafafun."

Zipora ta toshe baki da hannu.

"Da na ɗaga, sai na ji wani abu a nan." Ya dafa ƙirji. "Na koma gida na kasa cin abinci. Uwarta ta ce hauka nake, yarinya tana Nandi tana aiki, me zai kawo ta? Shi ne na rubuto. Kuma na duba gawar da kyau kafin mu sa ta, Maman Kibor, ban yi sakaci ba. Akwai tabo a hannunta, nan ciki, ƙasan gwiwar hannu, mai tsini kamar kan mashi. Na ce 'yata ba ta da tabo, ni na haife ta."

Zipora ta naɗe hannun rigarta na hagu ta miƙa masa. Ya sunkuyo ya duba. Tsohon tabo ne, ya dushe, amma tsininsa na nan.

"Bakin dutsen guga ne," in ji ta. "Duk wadda ta yi wata uku a ɗakin nan tana da shi. Nata a watan Satumba ta samu. Ni na shafa mata magani."

Bai yi ihu ba, bai zage ta ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ɗauki gicciyen ya mayar cikin buhu, ya ɗaure da igiya, ƙulli biyu.

"Ka yafe mini, Baban Mbithe. Don girman Allah."

Kamar bai ji ba. Ya ce, "Har ranar da za ta cika, uwarta cewa take in ƙara dubawa a Nandi, wai ban duba da kyau ba."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya saɓa buhun. Ta bi shi har ƙofa da rarrafen gwiwa kafin ta iya tashi. Ba ta san abin da za ta ce ba, sai ta ji bakinta yana tambaya.

"Wurin da kuka sa ta, da nisa daga gida?"

Ya tsaya, bai juyo ba.

"A gefen hanyar kasuwa ne, gindin wata tsamiya. In rana ta yi zafi, nan nake sauke kaya in huta."